Wake Ba Guba Ba Ne, Amma Ku Duba Buhun Tunkuza

A wani taron ƙungiyar makiyaya da muka yi a yankin Dakoro, muna cikin lissafin buhunan dusa da za a sayo wa bankin abincin bisashe, sai wata dattijuwa daga cikin matan habbanaye ta miƙo mini salularta ta ce in saurara. Saƙon murya ne na WhatsApp, wani mutum yana magana cikin natsuwa kamar mai wa'azi. Ya ce wani babban likitan Amurka ya gano cewa wake da gyaɗa (Hausar Kano yake yi, gujiya yake nufi) da tumatir da hatsin da ba a surfe ba suna ɗauke da wata guba mai huda hanji, kuma ita ce ke kawo ciwon gaɓoɓi da ƙiba da ciwon suga. Dattijuwar ta ce surukarta ta yi sati uku ba ta dafa wa yara wake ba saboda wannan saƙo. Wani daga bayan taron ya ƙara da cewa in haka ne, harawa da kowar wake da muke tara wa tumaki fa?

Ban yi dariya ba, don tambayar ba ta dariya ba ce. Na ba su amsa a gurguje, amma amsar ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Likitan da ake magana yana nan, ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Sunansa Steven Gundry, ya daɗe yana aikin tiyatar zuciya a jihar Kalifoniya, kuma a shekarar 2017 ya fitar da littafi mai suna The Plant Paradox. A ciki ya ɗora laifin cututtuka da yawa a kan wani nau'in furotin da tsirrai ke yi, wanda ake kira lektin. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai. Yana da kyau ku san cewa mutumin yana da kamfanin da ke sayar da ƙwayoyin da aka ce suna tsare jiki daga lektin ɗin. Ban ce wannan kaɗai ya ƙaryata shi ba. Amma a kasuwar bisashe, in wanda ya ce saniyarka ba ta da lafiya shi ne kuma ke riƙe da kwalbar magani, kowa ya san sai ya nemi ido na biyu.

To, mene ne lektin? Furotin ne mai manne wa. Tsiro ba shi da ƙafar gudu, ba shi da ƙaho, saboda haka yakan ajiye abubuwa a cikin ƙwayar irinsa don ƙwari da ɓeraye su ji ba daɗi in sun ci. Lektin yana manne wa fatar cikin hanji, in ya yi yawa ya hana abinci shiga jiki yadda ya kamata, ya kawo amai da zawo. Wannan gaskiya ce, masana sun san ta tun da daɗewa. Tun a 1888 wani ɗalibi mai suna Stillmark, a garin Tartu na ƙasar Istoniya ta yau, ya fitar da irin wannan furotin daga ƴaƴan zurma. Shi ne risin, guba mai kisa. Na ƴaƴan idon zakara ma danginsa ne. Duk makiyayi ya san ba a barin doki ko jaki kusa da ƴaƴan zurma, ba sai an karanta masa littafi ba.

Inda na rabu da mai saƙon murya shi ne nan: ya ɗauki sunan dangi ya shafa wa kowa laifi. Lektin iri-iri ne, ɗaruruwa. Na zurma yana kisa. Na jan waken Turawa, mai kama da ƙoda, yana da ƙarfi, ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su sa mutum amai cikin ƴan awoyi. A Japan a 2006 wani shirin talabijin ya koya wa mutane su soya farin wake sama-sama na ƴan mintoci, su niƙa su barbaɗa a kan shinkafa don rage ƙiba, mutane fiye da ɗari suka kamu da amai da zawo. Amma namu waken, wanda ake nomawa daga Dogon Dutsi har Magariya, lektin ɗinsa kaɗan ne in an gwada da wancan. Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari. A nan waken wata ƙasa ne ake so ya ɓata mana namu.

Sannan akwai wuta. Lektin ɗin wake ba ya jure tafasa. Ko shi jan waken nan mai ƙarfi, in an jiƙa shi, aka zubar da ruwan, aka tafasa shi da gaske na aƙalla minti 10 kafin a bar shi ya nuna, gubarsa ta mutu. Yanzu ku gaya mini, wace mace ce a ƙasar nan ke sauke tukunyar wake bayan minti 10? Wake da shinkafa, alala, ɗanwake, beruwa ta mutanen Arewa, duk sai sun sha wuta. Ƙosai ana wanke waken, a cire ɓawon, a niƙa, a jefa cikin mai mai zafi. Awara sai an tafasa ruwan waken suya kafin ta haɗu. Kakanninmu ba su san kalmar lektin ba, amma sun san ɗanyen wake yana ɓata ciki, kuma sun yi maganin abin a murhu. Haɗarin da nake gani na gaske shi ne ranar da itace ya yi ƙaranci, aka sauke tukunya waken bai nuna ba, yara suka ci don yunwa. Maganin wannan a jiƙa waken tun dare, ya fi saurin nuna, ya rage cin itace.

Ba zan ɓoye muku inda maganar ke da ɗan ƙarfi ba. Ba kowane lektin wuta ke gamawa da shi ba. Na gujiya wani yana saura bayan suya, tumatir kuma ɗanye ake cin sa sau da yawa. Akwai kuma mutanen da jikinsu bai yarda da gujiya ba sam, su yi ƙaiƙayi, fuska ta kumbura, numfashi ya toshe. Akwai waɗanda furotin ɗin alkama ke lalata wa hanji. Waɗannan cututtuka ne sanannu, mai su ya je likita, ya bar abin da aka hana shi. Amma abin da aka gani a wurin jama'a masu yawa da aka daɗe ana bin lafiyarsu shi ne, masu yawan cin wake da hatsi da ganye sun fi samun sauƙin ciwon zuciya da ciwon suga. Yawancin gwaje-gwajen da ake tsorata mutane da su an yi su ne da ɓeraye da aka ɗura wa ɗanyen wake ko tsantsar lektin.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai biya kuɗin wannan tsoro. Mutumin Kalifoniya in ya bar wake zai sayi kifi da nama da man zaitun. Yaron da ke ruga a arewacin Tanut a watan Mayu, shanu sun ƙafe, nono ya yanke, me zai ci in an cire masa wake da ƙuli-ƙuli? Fura da ruwa. Wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, kuma abin da ya rasa hatsi na da shi, abin da hatsi ya rasa shi yana da shi, shi ya sa haɗin ya yi daidai. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wannan wake, bayan Najeriya. Wanda ya ga shekarar 2005 a Maraɗi ya san da me aka tayar da dubban yaran da tamowa ta kama: da Plumpy'Nut, wanda tushensa gujiya ce, kuma har a Yamai ana yin sa. Garin Misola na kunun yara kuwa hatsi ne da waken suya da gujiya. Waɗannan su ne abubuwan da saƙon ya kira guba.

Yanzu mu koma garke, inda na fi sani.

Saniya da tunkiya da akuya da raƙumi masu tuƙa ne. A cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu marasa adadi da ke fara narkar da abinci kafin ya isa hanji, kuma suna karya da yawa daga cikin abubuwan nan da tsiro ke kare kansa da su. Harawa da kowar wake da ƴaƴan gawo ba su da wata matsala ta lektin. Su ne ma ke riƙe ragon turke da jar akuyar Maraɗi lokacin da daji ya zama fili. Wanda ya bar harawarsa saboda saƙon salula, maƙwabcinsa zai saye ta da arha ya yi masa godiya. Sai dai tumbi yana ragewa ne, ba ya kawar da komai. Zurma tana kashe saniya. Bi-ni-da-zugu da ake shinge da shi ma haka, kada a bar bisa ta ci ƴaƴansa ko tunkuzarsa.

Maraƙi da ɗan rago da ɗan akuya da ba su kai wata biyu zuwa uku ba, tumbinsu bai fara aiki sosai ba. Kaji da zabi da jaki da doki kuwa ba su da shi sam. A nan ne maganar furotin mai cutarwa ta zama gaskiya tsagwaronta. Ɗanyen waken suya yana da lektin, yana da kuma wani furotin da ke hana hanji narkar da abinci. Ka ba ƴan tsaki shi ɗanye, za su ci su ƙoshi amma ba za su girma ba, kashinsu ya yi ruwa. Sai an soya shi ko an dafa har warin ɗanye ya fita, ba tare da ya ƙone ba. Kuma ga gargaɗi ga masu amfani da ure wajen gyaran kara ko yin dunƙulen lasa: kada a haɗa ure da ɗanyen waken suya. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke fasa ure nan take ya zama amoniya, bisa ta kumbura ta faɗi.

Angurya da tunkuzarta kuma suna da gosifol. Shi ba furotin ba ne, amma aikinsa ɗaya, tsiron kaɗa ne ke kare kansa. Babbar saniya tana ɗaukar daidai gwargwado. Maraƙin da ba a yaye ba yana iya mutuwa da ciwon zuciya, kazar da ta ci ƙwanta ya canza launi, bijimi ko ragon barbara da aka daɗe ana cika masa ita ƙarfin haihuwarsa ya ragu. Na sha ganin mai turke ya sayo buhu, ranar farko ya cika wa rago kwano don yana gaggawar Layya. Kowane sabon abinci a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin kwana 10 zuwa 14, kuma kada a rasa kara ko ciyawa a gefe.

Gyauron dawa ba sai na faɗa muku ba, ku kuka koya mini. Ɗanyen tohon da ya fito bayan girbi, ko ƙaramar dawar da fari ya dame ta, tana fitar da guba a cikin tumbi, bisa ta yi haki, ta yi rawar jiki, ta faɗi kafin a kira kowa. In ya bushe sarai haɗarin yana raguwa ƙwarai.

Amma in za a tambaye ni guba ɗaya da ya kamata a yi ta aika saƙon murya a kanta, zan ce fumfuna. Gujiya ko masara ko tunkuzar da aka ajiye da danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da afulatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gujiya da aka kawo daga Barazil. A Kenya a 2004 mutane 125 suka rasu saboda masara mai ita. Tafasa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Tana cin hanta, tana tsumburar da yara, ga mai ciwon hanta kuma tana ƙara haɗarin kansa. Mafi muni gare mu, saniyar da ta ci tunkuza mai fumfuna tana fitar da wani ɓangare na gubar a cikin nononta, nonon kuma shi ake dama wa yaro fura. Al'adarmu ita ce abin da ya ɓaci ga mutum a zuba wa bisa. Gujiyar da aka tsince aka ce ba ta ciwuwa, ita ake ba akuya mai tatsa. Wannan al'ada nake so mu bari, ba cin wake ba.

Saboda haka ga abin da na roƙi kwamitin bankin abincin bisashe a wancan taro, nake kuma roƙon sauran ƙungiyoyi daga Tawa har Damagaram. Kafin a biya kuɗi a buɗe buhu, ba na sama kaɗai ba, a sa hannu har tsakiya. In tunkuza ta dunƙule, ko ta yi kore-kore ko baƙi-baƙi, ko tana warin rima, a mayar da ita ko da mai ita ya rage jaka biyu. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, a gyara rufin mangaza kafin ruwan farko. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita.

Dattijuwar nan ta tambaye ni me za ta gaya wa surukarta. Na ce ta jiƙa waken tun dare, ta zubar da ruwan da safe, ta dafa shi har ya murje tsakanin yatsu biyu, ta ba yaran. Ta ce ai haka take yi tun kafin a haife ni, ta karɓi salularta ta ɗaure a bakin zane.