Hayaƙin murhu da batun girki da etanol: me ya kamata iyali su sani?

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta sa gidaje da dama sun ajiye risho da tukunyar gas. A ƙauyukan Dambatta, Makoda da Kunchi, inda gona ke manne da gona kuma itace ya yi ƙaranci, karan dawa da na gero ne abin hura wuta. Shi ya sa ake ta maganar etanol, wato sinadarin barasa da ake tacewa daga rake ko rogo domin ƙonawa.

Me ke haifar da kunkunniya? Idan kananzir ko itace bai samu isasshiyar iska ba, sinadarin kabon da ke cikinsa ba ya ƙonewa duka. Gutsattsarinsa sai su haɗu su dunƙule, su zama baƙin da ke manne a gindin tukunya. Wutar da ke ci ja-ja alama ce ta hakan, shuɗiya kuwa ta fi tsafta. Mafi ƙanƙanta cikin wannan ƙura kan kutsa can cikin huhu, har cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ta hanyar nimoniya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na huhu.

Etanol yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, don haka kabon ɗinsa bai cika samun damar dunƙulewa ba. Wani bincike da aka yi a Ibadan kan mata masu juna biyu 324, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa waɗanda suka koma girki da murhun etanol sun fi samun sauƙin awon jini.

Sai dai a kula. Amfanin yana ga murhun da aka ƙera musamman domin etanol. Kada a zuba etanol ko fetur a cikin kananzir. Tururin kananzir sai zafi ya kai kusan digiri 38 yake kama wuta, na etanol kuwa tun daga digiri 13. A zafin Kano, irin wannan haɗi na iya fashewa da risho ko fitila.

Kafin irin wannan murhu ya iso kasuwanninmu da araha, a riƙa girki a fili ko a madafa mai taga, a busar da kara da itace sosai, a daina hura wuta da leda, kuma a sauke goyo kafin a tsuguna bakin murhu. Yaron da ke tari tare da numfashi sama-sama, ko awazunsa na lotsawa, a garzaya da shi asibiti a ranar.