Trovan Daban, Rigakafi Daban

'Yan'uwa marubuta, har gobe a majalisun Ƙofar Ruwa da an ambaci rigakafi sai ka ji an ce, "Kun manta Pfizer?" Ba mu manta ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, an yi gwajin Trovan da yara 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu. Amma fa Trovan magani ne, ba rigakafi ba. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, Pfizer ba ta ji a jikinta ba, 'ya'yan talakawa ne suka gurgunce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Aikin mai alƙalami ne ya nuna masa tsumma ne. Mu rubuta, kada 'yan jita-jita su riga mu.