Sunan Shafinmu a Hannun Wa Yake?

Wannan makon za mu ɗan ajiye maganar jigo da salo, mu duba gidan da muke zuba rubutunmu a ciki.

Da yawanmu mun gaji da yawo da labaranmu a WhatsApp da Facebook, mun fara buɗe shafin kanmu. Abin da muka saba shi ne mu tura wa mai haɗa shafi kuɗi, ya sayo mana domen, wato adireshin nan mai ƙarewa da .com ko .ng. Kaɗan ne a cikinmu suke tambayar da sunan wa aka yi rajistar, kuma imel ɗin wa aka sa.

Harkar hawa uku ce. A sama akwai mai riƙe da kundin: Verisign ke kula da .com, NiRA kuma ke kula da .ng. A ƙarƙashinsu akwai kamfanonin rajista masu izini. A ƙasa kuma sai dillalai, masu saro domen su sayar, kuma yawancinmu a hannunsu muke saye.

Akwai makullin da ake ɗaura wa domen don kada a ɗauke shi zuwa wani kamfani. Idan muka duba bayanan adireshinmu na .com a shafin binciken ICANN muka ga clientTransferProhibited, to a kulle yake. Sai dai mai riƙe da asusun shi ke kullewa, shi ke buɗewa, shi ke karɓar lambar sirrin canja kamfani. Idan dillali ne, ranar da muka saɓa, ko ya daina ɗaga waya, ko ya manta bai sabunta ba, sunan da masu karatu suka san mu da shi zai iya kuɓuce mana. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ko manya ba su tsira ba. A watan Agustan 2013, masu kutse na Syrian Electronic Army sun yaudari wani dillalin kamfanin Melbourne IT da imel na bogi, suka samu kalmar sirrinsa, suka karkatar da adireshin jaridar New York Times ta Amurka. Ta ƙofar dillali aka shiga.

Ba cewa muke a guji dillalai ba. Suna karɓar naira, suna jin yarenmu, kuma da yawansu masu amana ne. Ra'ayinmu shi ne mu daina jin kunyar gindaya sharaɗi tun kafin mu biya. A sa sunanmu da imel ɗinmu a matsayin mai domen. A ba mu hanyar shiga asusun, mu canja kalmar sirri, mu kunna tantancewa mai mataki biyu. Mu san sunan kamfanin rajistar da ke bayan dillalin, domin a tsarin ICANN shi ke ɗaukar alhakin dillalansa, kuma wajibi ne ya ba mai domen lambar canja kamfani cikin kwana 5 da nemanta. Mu kuma rubuta ranar ƙarewar rajistar a inda ba za mu manta ba.

Muna kishin haƙƙin mallakar labaranmu, muna faɗa idan aka kwafe su. Adireshin da ke ɗauke da su ma ya cancanci wannan kishin. Duk mai shafi a cikinmu ya je ya duba nasa yau, ya dawo ya faɗa mana sunan wa ya tarar.