Katin Asibiti: Ina Matsayin Baƙuwar Da Ke Maƙwabtaka Da Ke?

Yau zancenmu a kan baƙi ne da katin taimakekeniyar lafiya, watau abin da waɗansu ke kira inshora.

Wadda duk ta zauna a ƙasar Tofa ta san ba ta rabuwa da baƙi. Da an ɗauke amfanin gona sai ki ga 'yan cin rani sun fara sauka daga Maraɗi da Tasawa da Damagaram, wani ga ruwa, wani gadi, wani dako a kasuwar Dawanau da ke maƙwabtanmu. Waɗansu su koma da faɗuwar ruwan fari, waɗansu kuwa zama ya yi daɗi, su ɗauko iyali. Ga kuma auratayya. Gida nawa ne a Janguza ko Lambu ko Doka da ba a rasa amaryar da aka kawo daga ƙetaren iyaka? Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, har mukan manta baƙuwa ce. Ranar da ake tunawa ita ce ranar da naƙuda ta zo da gardama, aka ce a kawo kuɗin aiki.

To, me doka ta ce? A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS. Dokar ta wajabta shiga tsarin a kan kowane ɗan Nijeriya, da kuma duk wanda yake zaune a ƙasar bisa ƙa'ida. Ku lura da wannan gaɓa ta biyu, domin ita ce ginshiƙin zancen. Ba a ce sai ɗan asalin gari ba. Jihar Kano ma tana da tata hukumar, KSCHMA, tun dokar 2016, kuma don mazauna jihar aka kafa ta. Saboda haka wadda ta gudo daga Zamfara ko Katsina saboda 'yan bindiga, ba ta da abin jin kunya ko tsoro, 'yar ƙasa ce kamar kowa.

Wahalar tana wajen wadda ta fito daga Jumhuriyar Nijar, kuma takarda ce wahalar. Masu rajistar inshora sukan nemi lambar shaidar zama ɗan ƙasa, NIN. Mutane da yawa suna zaton baƙo ba ya samun wannan lamba. Yana samu. Dokar hukumar NIMC ta 2007 ta yarda a yi wa baƙon da ya zauna bisa ƙa'ida shekara 2 ko fiye rajista, amma sai ya nuna takardar izinin zama daga hukumar shige da fice. Nan fa ake yin ta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutumin Nijar damar shigowa ba biza har kwana 90. Wanda zai zarce haka ya kamata ya nemi katin zama. Ku gaya mini, matar mai ga ruwa nawa ce ta taɓa jin wannan? An kawo ta a bayan mota da kayan ɗakinta, ta shekara 10 tana surfe da mu, ba ta da ko ƙyallen takarda.

Daɗin daɗawa, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu, 2025. A ranar ce ƙungiyar ta ba da sanarwar a ci gaba da barin mutanen ƙasashen nan uku su shiga su zauna kamar da, har sai an sake shawara. Amma tsoro ya riga ya shiga zukata. Dattawansu ba su manta da korar baƙi ta 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari ba, matasansu kuwa sun ga an rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Mai irin wannan tunani, in ya ga ma'aikaci da biro da littafi yana tambayar inda aka haife shi, ai sai ya zame ta bayan danga.

Akwai abubuwa biyu a tsarin mulkin 1999 da ya kamata kowace matar aure ta riƙe. Sashe na 25 ya ce yaron da aka haifa, in uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne. Watau ke 'yar Tofa da kika auri mutumin Damagaram, 'ya'yanki 'yan ƙasa ne ta wajenki, kada wani ya ce miki ba su da haƙƙi. Sashe na 26 kuma ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Aure kaɗai ba ya mai da ita 'yar ƙasa, sai an nema. Abin mamaki, namijin baƙo da ya auri 'yarmu ba a ba shi wannan sauƙi ba. Wannan dai zance ne na wata rana.

Yanzu mu zo ga ƙofofin shiga. Ta farko ta ma'aikata ce, inda ake cire wani abu daga albashin maigida. A tsarin tarayya katin yakan ɗauki ma'aikaci, da mata 1, da 'ya'yan cikinsa 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Kash! Wanda ya tsara wannan kamar bai taɓa shiga gidan Bahaushe ba. Uwargida ta shiga, amarya fa? Kuma sau da yawa baƙuwar ita ce amaryar. Ga 'yar riƙo da aka kawo miki daga Maraɗi tun tana shekara 3, kin goya ta kin yaye ta, amma a takarda ba 'yar cikinki ba ce. Akwai hanyar ƙara mutum a bisa ƙarin biya, sai dai maigida da yawa ba ya tambaya, matan kuma kishi ya hana su tuna masa. Ni dai a ganina, uwargidan da ta ce "Malam, a sa ƙanwata ma", ta yi wa kanta tanadi, domin in ciwo ya kama amarya daga rumbu ɗaya za a ɗebi hatsin da za a sayar.

Ƙofa ta biyu ta masu biya da kansu ce, manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya. Kamar adashi take, sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. Kati irin wannan ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira. Wadda ta bari sai cikinta ya tsufa ta makara.

Ta uku ta marasa ƙarfi ce, wadda gwamnati ke biya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami asibiti guda da ke cin gajiyar asusun. Dokar 2022 ta ambaci masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. Guraben ba su da yawa, ba kowa ke samu ba ko cikin 'yan gari. A nan ne nake jin tsoron a riƙa tsallake baƙuwa, domin mai rubuta sunaye gidan da ya sani zai fara shiga, ita kuwa a ɗakin haya take a bayan gari. Alhali kuwa a ƙasarsu tun 2006 ake da tsarin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, har da fiɗar haihuwa. Mu kuma a Nuwamba 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar yi wa mata marasa ƙarfi fiɗar haihuwa kyauta. Ya kamata mahukuntan Kano su fito fili su faɗa a rediyo, da Hausa, wace takarda ake karɓa daga matar da ba ta da NIN, don kada kowane ma'aikaci ya riƙa yanke hukunci da ra'ayinsa.

Wani abu da nake roƙon ku bari shi ne aron kati. Tausayi ne ke sa mace ta miƙa wa maƙwabciya katinta, na sani. Amma fayil ɗinki yana ɗauke da rukunin jininki da tarihin ciwonki. In aka duba wata da shi aka rubuta nata a kai, ranar da aka kawo ki ba ki cikin hayyacinki, da bayanin wa likita zai yi aiki? Haka nan faɗin ƙarya a wajen rajistar NIN laifi ne a doka, kuma gyaran kuskuren da aka shigar ya fi rajistar wuya.

Ku kuma 'yan makaranta, aikin nan naku ne, tun da ku kuka iya karatu. Ku ma kun san tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da NIN. In maƙwabciyarku baƙuwa ta haihu, ku raka mijinta ko surukarta a karɓo wa jaririn takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya tun kafin a gama wankan jego, domin ita ce takardar farko da yaron zai dogara da ita. Allurar riga-kafi kyauta ce ga kowane yaro, haka nan ba a hana mai ciki zuwa awo don ba ta da katin inshora. Ranar awo ku bi ta, ku tambayi ma'aikaciyar asibitin mazaɓarku yaushe masu rajista za su zo, da takardun da za su nema, ku rubuta a bayan littafinku ku kai wa mai unguwa.