Ƙurar Jibiya da Injin Jirgin Gobe

Duk direban da ya yi lodi a Gangara da hunturu ya nufi iyakar Jibiya ya san cewa gudu ba ya kakkaɓe ƙurar da ta kwanta a jikin mota. Dalili shi ne iskar da ke manne da ƙarfe tare suke tafiya, ta zama siririyar shimfiɗa mai nawa. Bajamushen masani Ludwig Prandtl ne ya fayyace ta a 1904.

Jirgin sama ma yana jan wannan shimfiɗa a gangar jikinsa, tana riƙe shi, tana ci masa mai. Bisa al'ada ana rataye injuna a ƙarƙashin fukafukai, nesa da ita. Yanzu masu ƙira suna son mayar da injin gindin wutsiya ya riƙa zuƙe ta, domin ingiza iskar da ta riga ta rage gudu ya fi sauƙin mai. A 2013 masanan jami'ar MIT sun gwada ƙaramin samfurin jirgin D8 a zauren gwajin iska na hukumar NASA da ke Langley, suka ga ƙarfin da ake buƙata ya ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari. A ƙarshen 2016 cibiyar Glenn da ke Ohio ta gwada farfelar irin wannan inji.

Sai dai ribar tana da farashi. A kowane juyi, ruwan farfela yana ratsa iska mai nawa, sannan mai sauri, yana lanƙwasa yana miƙewa har ƙarfe ya gaji.

A nan ne maganar ta shafi Arewa. Iskar zauren gwaji tsabtatacciya ce. Tamu kuwa tana ɗauke da ƙurar Bodele ta ƙasar Chadi watanni a jere, kuma ƙura tana zaizaye farfela kamar dutsen wasa wuƙa. Injin da ya ci jarrabawa a Ohio, da sauran jarrabawa a gabansa a Katsina da Kano.

Don haka ya kamata Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, su mai da auna ɓarnar ƙura a kan farfela fagen bincikensu. Ƙasar da ba ta auna iskarta ba, jirgin da aka ƙera don iskar wasu za ta saya, ta kuma biya kuɗin gyara.