Zanen garin da ruwa ya ci: a bar yaro ya faɗi abin da ya gani

Malamai 'yan uwana da iyaye, a ganina kallon zane ma karatu ne, kuma bai kamata mu riƙa tauna wa yara ma'anarsa ba.

A shekarar 1876 kogin Sen ya yi ambaliya a Port-Marly, wani gari kusa da Paris, sai mai zane Alfred Sisley ya zana abin da ya gani. Zanen na gidan tarihi na Orsay. Gida ne tsaye cikin ruwa, ga itatuwa a jere, ga kwalekwale da mutane, sararin sama kuma ya mamaye babban ɓangare. Masana sukan ce natsuwa ce a cikinsa: ruwan ya kwanta, haske na wasa a kansa, babu mai gudu.

Ba lalle yaron Tenhya ya ga natsuwa ba. A nan Damargu roƙon ruwa ake yi, ɗan makiyayi kuwa in ya ga tabki ya cika murna yake. Amma kuma yaranmu sun san ginin ƙasa: in ruwa ya kwana a gindin katanga, ta tafi. A Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram, aka kuma ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya. Wanda ya ga wannan damina, in ya kalli gidan da Sisley ya zana, zai tambaya ina rumbu, ina dabbobi.

Wa ya yi daidai? Duk wanda ya iya nuna hujjarsa a jikin zanen. Tambaya biyu nake yi a aji: me ka ji a ranka, kuma me ka gani da ya sa ka ji haka? Wadda ta ce kwalekwalen tsira ne, ta nuna. Wanda ya ce giragizan na ɗauke da wani ruwan, ya nuna launinsu.

Wasu iyaye za su ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa. To, ai fahimtar rubutu ke nan: faɗin ra'ayi tare da hujja. Ƙari a kan haka, yaron da katangar gidansu ta faɗi yakan fi iya magana a kan gidan da ke cikin zane. In muka ce masa amsar ita ce natsuwa, mun rufe masa baki.