Tarihin Ƙasarmu: Tsohon Soja da Samariya

Dattawan Magarya da Dungas ba su manta da samariya ba. Yaran yanzu kuwa sai dai su ji sunan a bakin iyaye.

Samariya ta girmi gwamnati. Tun kaka da kakanni gari yana da sarkin samari. Shi ke kiran gayya. In aka buga ganga, samari su fito da hauya su nome gonar tsoho ko ta marar lafiya. Ƴan mata su kawo fura.

Wanda ya mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya tsohon sojan Faransa ne, Seyni Kunce. An haife shi a Fandu a 1931. Ya yi aikin soja a Indoshin da Aljeriya. Ran 15 ga Afrilu 1974 ya hamɓare gwamnatin Diori Hamani, lokacin fari ya cinye gero da dabbobi. Ya rushe jam'iyya. To, da wa zai yi aiki a karkara? Sai ya juya ga samari.

A Ingila ma tsohon soja ne, Baden-Powell, ya kafa ƙungiyar ƴan sikawut a 1907, da tufarta da alamarta. Shi sabon abu ya ƙago. Kunce kuwa abin da ya tarar a ƙauye ya ɗauka, ya sa masa shugabanni tun daga unguwa har Yamai.

Aiki an yi shi. Samari sun buga tubali sun gina azuzuwan lakwal. Sun dasa itatuwa, sun share garuruwa. Ba a biyan ko dala. A 1976 aka yi babban bikin samarin ƙasa na farko a Damagaram, da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo.

Amma gayya ta hukuma ba kamar ta gari ba ce. Wani ya fito don so, wani don tsoro. In babban baƙo zai zo, samariya ce ke tsayuwa cikin rana tana tafi.

Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987. Bayan taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka yi yawa, samari suka rarrabu, ƙungiyar ta watse.

Yau da an ɗaure gero, samari da yawa sai ci-rani, wasu Kano, wasu har Libiya. A ƙauyuka da dama ajin lakwal na kara ne, kowace shekara sai an sake shi. Sau da yawa iyayen yara ne ke saro karan su kafa.